Shekarar da Aka Wanke Mani Tankuna

Lokacin da na fara aiki a majema, ruwan da aka gama jima da shi a yawancin wurare ba shi da mai kula da shi. Ana buɗe bakin durom ɗin da ake jima a ciki, ya bi kwata, kwata ta kai shi rafi, shi ke nan. Idan ya fito shuɗi-shuɗi a ce yau an yi aikin kurom, idan ya fito fari a ce an jiƙa fata. Masu lambu da ke ƙasa da mu har murna suke yi da shi da rani, don ba ya yankewa. Yanzu kuwa ko ƙaramar majema za ka kafa, sai an tambaye ka inda ruwanka zai je. Kuma duk shekara sai an turo mani samari da 'yan mata daga makarantu su zo ganin aiki. Sukan tsaya bakin tanki da waya a hannu, su ce ai sun karanta abin: ƙwayoyin bakteriya ne suke manne wa jikin dutse, su kama ƙarfen da ke cikin ruwa. Wani har ya tambaye ni kantin da ake sayen ƙwayoyin. Abin da suka karanta gaskiya ne. Sai dai tsakanin wannan magana da ruwan da saniya za ta sha lafiya, akwai aikin da ya cinye mani yawancin shekaruna. Don su nake rubuta wannan.

Iyayenmu da bagaruwa suke jima. Ruwan bagaruwa yana da wari, amma yana ruɓewa ya bi ƙasa. Kurom ba haka yake ba. Gari ne kore da ake sarrafawa daga wani ƙarfe, yana jeme fata cikin yini guda, shi ya sa kamfanoni suka koma kansa. Amma ƙarfe ba ya ruɓewa. Inda ruwan ya kwanta, nan yake zama cikin laka, bana da baɗi da shekarun da ke bayansu.

Aikina na farko a Kano yashe kwata ne. Na bar Kankia da takardar sakandare ina zaton ofis za a ba ni, aka miƙo mani shebur da takalmin roba. Mai kula da ruwan majemar wani Ba'indiye ne gajere wanda ya fi mu cin goro, ma'aikata suna ce masa Masta. A bayan masana'anta yana da wani tanki cike da fasassun duwatsu, ruwan majema yana ɗiga a kansu dare da rana. Da ya ga ba na ƙyamar kwata, sai ya ɗora ni a kan wannan tanki. Kullum da safe in ciro dutse ɗaya in kai masa, in gaya masa launinsa da warinsa da kaurin yauƙin da ke jikinsa. Wata shida ban yi komai ba sai wannan. A hankali na gane cewa idan yauƙin ya yi launin shayi mai madara, kuma yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, to lafiya lau yake. Idan ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ce ba ta kai masa. Idan yana saɓulewa a yatsa, ko dai yunwa yake ji, ko an turo masa ruwan da ya fi ƙarfinsa. Masta yakan ce da gurɓatacciyar Hausarsa, “Wannan dabba ne, Sada. Amma ba ya kuka idan ya ji yunwa.”

Bai taɓa gaya mani dalilin komai ba. Yi kaza, kada ka yi kaza, iyakar darasinsa ke nan. Ban ga laifinsa ba, don haka na taso na ga maƙera da marina suna yi a gida: mai sana'a ba ya zazzage cikinsa ga wanda ke ƙarƙashinsa. Sai da kamfani ya tura ni kos ƙasar Indiya na ga yauƙin nan a ƙarƙashin na'urar da ke ƙara girman abu. Ƙwayoyi ne birjik, sun gina wa kansu gida da wani abu mai danƙo da suke fitarwa daga jikinsu. Wannan danƙon shi ke riƙe ƙarfen idan ruwa ya ratsa, wasu ƙwayoyin kuma suna juya shi zuwa yanayin da ba ya narkewa. Ranar na gane abin da nake ta shafawa da yatsa shekara da shekaru.

Daga nan aiki ya yi ta yawo da ni. A Indiya zobban roba suke cika tanki da su, don yauƙi ya samu wurin kamawa da yawa. A Omdurman na ga zafin rana yana kashe shi, sai da muka yi wa tankuna rumfar tabarma. A Fas ta Maroko na tarar da tsofaffin majema da har yau suke aiki da kashin tantabara kamar kakanninmu, sababbin kuma suna fama da kurom kamar kowa. A Maraɗi na ga wani tsohon ma'aikaci da ba shi da kuɗin roba ya cika ɗan tankinsa da tsingaro, fasassun tukwanen ƙasa, kuma yauƙinsa ya fi na kowa kyau, saboda jikin tukunya yana da ƙananan ramuka kuma yana riƙe sanyi. Na ji Larabci, na ji Faransanci da Turanci, Fulatanci kuwa da shi na tashi. A duk yaren da na ji, sunan ƙazanta ake ba wannan yauƙi. Babu inda na ga ana kiransa da sunan abu mai amfani.

Da na ajiye aiki na dawo gida, sai Alhaji Mamman ya neme ni. Dillalin fatu ne da ya gaji da kai ɗanyar fata Kano, ya kafa ƙaramar majema a tsakanin Kankia da Kusada, yana so in tsara masa ruwa. Na gina masa tanki na farko inda ake zuba farar ƙasa, yawancin kurom ya kwanta ya zama koriyar laka. Na gina uku a jere bayansa, na cika su da tsingaro, ruwa yana ɗiga daga wannan zuwa wancan. Su ne masu kama ragowar ƙarfen da farar ƙasa ta bari, kuma wannan ragowar ita ce ke yin ɓarna. A ƙarshe akwai kududdufi da muka shimfiɗa wa leda mai kauri, da ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa ruwa ya fita ƙorama. Tsingaron kuwa amalanke muka tura ƙauyukan Boko da Yashe, gida-gida, ana karɓar fasassun tukwane da randuna. Mata suka yi ta dariya, suna cewa wanda ya je har Indiya ya dawo yana tsintar bola.

Irin yauƙin daga lakar wata tsohuwar kwatar majema na ɗebo shi a Kano, inda ƙwayoyin suka riga suka saba da kurom. Sabon iri ba a turo masa ruwa mai ƙarfi. Sai ka surka, ka riƙa juya ruwan da famfo yana komawa sama, ka ba shi ɗan ruwan mazarƙwaila ya ci, kana ƙara ƙarfin ruwan kaɗan-kaɗan. Mako shida kafin ya iya ɗaukar aiki. Kayan aikina ba su da yawa: farin bokiti, takardar gwajin tsami, ludayi mai doguwar ƙota, da kwalaben da nake aika wa ɗakin gwaje-gwaje a Kano duk wata. Lakar da muke kwashewa busar da ita muke yi, mu binne a rami mai leda. Ku riƙe wannan: ƙarfen ba ɓacewa yake yi ba. Wuri kawai muke sauya masa, daga inda zai yawata zuwa inda za mu iya tsare shi.

Ƙoramar da ruwanmu ke faɗawa tana gangarawa wajen Mawashi. A wata kwana da take yi akwai mashaya, kuma nan burtali ya ƙare. Shanun Ardo Buba da na danginsa nan suke sha. Kafin mu fara aiki na je na same shi a rugarsa, na yi masa bayani da Fulatanci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ruwan nan da zai fito, kai za ka sha?”

Na ce, “Ban ce na mutum ba ne, Ardo. Amma saniya za ta sha, babu abin da zai same ta. Ranar da ya ɓaci kuma, ni da ƙafata zan zo in gaya maka.”

Ya ce, “To, na ji. Na riƙe wannan ta ƙarshen.”

Shekara huɗu muka yi babu abin da ya faru. Ta biyar ita ce shekarar da layya ta faɗo tsakiyar damina.

A majema babu lokaci kamar bayan layya. Fatun raguna na shekara guda suna shigowa cikin mako ɗaya. Don haka kafin Sallah ake gaggawar jeme duk tsofaffin fatun da ke sito, a samu wuri. Akwai kuma wata al'ada ta Alhaji: kafin kowace Babbar Sallah sai an share majema, an yi wa bango farar ƙasa, an wanke duk abin da ke wankuwa, domin dillalai da baƙi masu zuwa. Shekarun baya ina nan ake yi, in an iso wajen tankuna sai in ce a tsallake, a tsallake. Wannan shekarar an kira ni Maraɗi duba wani aiki, na tafi saura kwana goma Sallah. Na bar ruwa a hannun Ɗahiru, shugaban ma'aikata, magidanci mai 'ya'ya bakwai, wanda ban taɓa kama shi da ha'inci ko lalaci ba. Na nuna masa yawan farar ƙasar da zai zuba, da lokacin kunna famfo, da lokacin ɗaga ƙofa. Na dawo ranar jajibere, na yi Sallah a gida, washegari da hantsi na hau babur na tafi majema.

Tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya mani. Maimakon warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, warin asibiti na ji. Na leƙa tanki na biyu, na ga tsingaro ja wur, kamar yau aka fasa tukunyar. Na uku haka, na huɗu haka. Ɗahiru ya taho yana murmushi, da sabuwar hularsa ta Sallah.

“Baba, barka da Sallah. Ka ga aiki ko? Kwana biyu muka yi mu takwas. Ɗaya-ɗaya muka fiddo su muka goge da buroshi, muka jiƙa cikin bilic, ruwan nan na wanke fararen kaya. Ƙazantar da muka fidda, Baba, sai da yaronmu Sani ya yi amai.”

Na ce, “Ina kuka zuba abin da kuka goge?”

“Ramin laka. Mun rufe shi da ƙasa.”

“Yaushe ke nan?”

“Yau kwana shida.”

“Bayan nan an yi aikin kurom?”

“Kwana huɗu a jere. Ai sai da muka ƙare sito kakaf.”

“Ƙofa fa?”

“Kullum da la'asar, yadda ka ce.” Murmushin ya fara raguwa. “Baba, mi ya faru?”

Na ɗebo ruwan kududdufi a farin bokiti na kai rana. Ga shuɗin nan a gindin bokiti, kaɗan ne, amma ruwan da ido ya ga launinsa ya riga ya wuce iyaka da nisa. Ga shi kuma an yi aiki ninkin na kullum, tanki na farko bai samu lokacin kwantar da lakarsa ba. Na rufe ƙofa da hannuna, na kashe famfo, na zaunar da Ɗahiru a kan bulo na gaya masa abin da suka goge. Shekara huɗu muna tare, ranar ce ta farko da ya ji cewa abin nan yana da rai.

Ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya ce, “Baba, ko randar gidanmu in ta yi wannan santsin uwar ɗiyana ba ta kwana ba ta wanke ta ba. Ka ce mani in ba shi mazarƙwaila, na ɗauka don wari ne. Da ka taɓa ce mani rai gare shi, wa zai sa mashi bilic?”

Abin da Masta ya yi mani shi na yi wa Ɗahiru, na kuwa fi Masta laifi, don ni na san dalili.

Alhaji yana rumfarsa, motocin fatu biyu suna sauke kaya. Na ce masa a dakatar da durom na kurom har mako shida, a sa wa fatun gishiri a jibge. Ya dube ni kamar na ce a rushe majemar.

“Malam Sada, mako shida? A wanga lokaci? Ka san gishirin da ke ƙasa bai isa rabin fatun nan ba.”

“Na sani, Alhaji.”

“Damina ce fa. Jiya ma an kwana ana ruwa. Ƙorama cike take, abin da ya fita ai ya kai inda ba mu sani ba.”

Na ce, “Ruwan ya wuce, ƙarfen bai wuce ba. A kwanar mashaya ruwa ke rage gudu, nan zai kwanta. Kuma yanzu can za ni.”

“Wurin Ardo? Wa ya gani? Wa ya ce an yi? Ka gyara tankunanka shiru, in an kwana biyu magana ta mutu. In ka kai mashi wannan, gobe ko saniya ta yi tuntuɓe majemata ce.”

“Na yi mashi alkawari kafin a aza bulo ɗaya a nan. A gabanka kuma na dawo na faɗa maka.”

Ya kalli masu sauke fatu. Sannan ya ce, “Kai dai tun kana yaro an ce kanka da tauri. Je ka. Amma kada ka ce ni na aike ka.”

Na tarar da Ardo a gindin ƙirya, matarsa tana gefe tana kaɗa nono. Muka gaisa, muka yi barka da Sallah, ya sa aka kawo mani nama. Ban taɓa ba sai da na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ruwa ya ɓaci kwana huɗu, ya kuma riga ya iso mashaya, a janye shanu daga yau.

Ya ce, “A janye su zuwa ina? Ka duba.” Ya nuna da sanda. Gero da dawa sun kai ƙugu ta kowane ɓangare. Da damina ruwa yana ko'ina, amma mashayar nan kaɗai ce shanu za su iya kaiwa ba tare da sun taka gonar kowa ba. Wani ruwan da burtali ke kaiwa yana can wajen Yashe, tafiyar da za ta cinye rabin yinin kiwo.

Ya tambaye ni yadda abin ya faru. Na fara yi masa bayanin ƙwayoyi da tsingaro, ina neman kalmomin da za su shiga. Matarsa ba ta daina kaɗa nono ba ta ce, “Wato sun wanke ƙwarya sun zubar da na jiya, ba su rage abin da za a zuba wa sabuwar madara ba.”

Na ce, “Haka ne, Inna.”

Ta ce, “Mu ko amarya ba ta yin wannan sau biyu. Kuma ba a ajiye shi a ƙwarya ɗaya.”

Na yi karatu da aiki a ƙasashen waje huɗu, babu malamin da ya taɓa gaya mani in ajiye iri a gefe.

Ardo ya ce, “Shanu uku suna zawo tun shekaranjiya. Na ɗauka sabuwar ciyawa ce.” Bayan kwana biyu ɗaya daga cikinsu ta yi ɓari. Ba zan iya rantsewa ruwanmu ne ba, ba zan iya rantsewa ba shi ba ne. Ban yi gardama ba. Shanu suka koma bin doguwar hanya, nono ya ragu a ruga, sau biyu kuma sai da mai unguwa ya shiga tsakani saboda ɓarnar gefen gona.

Alhaji ya bari aka tsayar da durom, mu kuma muka koma neman iri. Na yi niyyar komawa Kano, sai Ɗahiru ya ce akwai tsohuwar kwatar da aka yi amfani da ita kafin a gama tankuna, tana bayan katanga, ciyawa ta rufe ta, har yanzu ruwan wankin durom yana ɗan tsiyaya ciki. Babu wanda ya tuna da ita ranar shara. Muka ɗaga ciyawa, na ciro dutse. Launin shayi mai madara. Muka kwashe duwatsun cikin bokitai da ruwansu, muka ɗauraye tsingaro sau uku don bilic ya fita, muka jera duwatsun a saman tanki na biyu, muka fara daga farko. Wannan karon komai na yi sai na faɗi dalili, Ɗahiru kuma ba ya bari in wuce abu bai tambaya ba. Ruwan kududdufi muka riƙa mayarwa tanki na farko da famfo. Duk lokacin da hadari ya haɗo sai mun ƙara wa bakinsa buhunan ƙasa, don kada ruwan sama ya cika shi ya tumbatsa.

Aikin da ya fi wuya shi ne mashaya. Da aka samu kwana uku ba ruwa, ma'aikatan majema duka muka gangara da shebur da amalanke, muka kwashe lakar saman kwanar muka kai ramin leda. Alhaji bai zo ba, amma shi ya aiko da amalanken da abinci. Gishiri kuwa bai isa ba, kamar yadda ya faɗa. Wanda aka ƙaro ya makara a hanya. Fatun da ke ƙasan jibgi suka yi zafi, gashi ya fara zuba, muka binne tuli guda wanda ya fi tsayina. Ranar Alhaji bai amsa gaisuwata ba.

A mako na shida yauƙi ya rufe tankuna uku. Na aika kwalabe biyu Kano, ɗaya daga kududdufi, ɗaya daga mashaya, amsa ta dawo da kyau. Na kai wa Ardo labari, na ce shanu su dawo.

Ya ce, “Maganarka na yarda da ita, Sada, don ka zo ranar da ba daɗi. Amma ranar da aka yi ɓarnar kana Maraɗi. Gobe kana iya zama Makka, ko inda duk za mu je. Ranar wa zai zo?”

Na ce na koya wa Ɗahiru.

“Ɗahiru na Alhaji ne. Shanu nawa ne.”

Abin da ya nema shi ne a sa wa ƙofar ruwa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a majema, ɗaya a ruga. Da na kai wa Alhaji sai ya yi dariyar da ba ta daɗi ba.

“Ni da majemata, sai an zo daga ruga kafin in buɗe ruwana?”

Ɗahiru yana tsugune a gefe. Bai saba sa baki a maganar manya ba, amma ya ce, “Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri. Da makullin nan shina hannun wani ran nan, da sai an zo an duba kafin in ɗaga ƙofa. Da kwana ɗaya aka yi, ba huɗu ba. Da fatun nan ba mu binne su ba.”

Alhaji ya ce, “Kai da ka jawo mana, kai ne kuma mai wa'azi.” Ya juya ya dube ni. “Kududdufin zai riƙe ruwan kwana nawa?”

Na ce huɗu, in an ƙara masa zurfi biyar.

“To, a ƙara. Kwaɗon kuma ku sayi mai kyau, ba irin wanda ake buɗewa da ƙusa ba.”

Na gina ƙaramin tanki na biyar a inuwa, wanda ba ya aikin komai sai riƙon iri, kuma ba a sake taɓa tankuna biyu a lokaci ɗaya ba. Litinin da Alhamis Ardo yakan zo da hantsi, a ɗebo ruwa a farin bokiti ya kai rana ya duba, ya ciro tsingaro ya shinshina, sannan a buɗe kwaɗo biyu. Sau biyu ya ƙi buɗewa. Sau ɗaya shi ke da gaskiya, ɗayan kuma muka jira amsar Kano, ta nuna ruwan lafiya lau, ya zo ya buɗe. Yanzu ƙafata ba ta kai ni majema kullum, Ɗahiru ke riƙe da ruwa. Ardo Buba ya rasu, makullin yana hannun ƙanensa. Tun daga waccan damina, ruwan majemar nan bai sake fita ƙorama ba sai mai shanu yana tsaye a wurin.